Kada Ki Sa Kanki a Bakin Ƙaho

Kakuri, Kaduna
Ranar Alhamis

Zuwa ga 'yata Rifkatu,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu. Ina fata kin sauka Jos lafiya, kin kuma sami gwaggonki Saratu da mutanen gidanta ƙalau. Allah ya tsare fitarki da shigarki, ya raba ki da sharrin hanya da na mutum, ya sa kin shiga wannan aiki da ƙafar dama. Mamanki tana gaishe ki. Ta ce rigar sanyi tana can ƙasan jaka, kada ki ce ba ta saka miki ba.

Direban da zai kawo miki akwatunan sifikar bes ɗin nan biyu, masu fitar da amo mai kauri, ya ce gobe da safe zai ɗora su, shi ya sa na zauna rubutu. Zaman ma dai suna ne. Tun hantsi na tashi daga kan bencin nan ya fi sau goma. In leƙa shago, in shafa akwatunan, in dawo, in manta abin da na je dubawa. Mamanki ta ce in ba zan zauna ba in je in ɗebo mata ruwa, ƙafar ta yi amfani. Yau kwana uku da tafiyarki, shagon ya yi mini faɗi.

Ba labarin gida zan ba ki ba, wannan aikin Mamanki ne. Abu ɗaya ne ya hana ni sukuni, shi ne kunnenki. Kin san babanki ba ya ji sosai, duk layinmu ma an sani. Abin da ba ki sani ba, kunnena na hagu ya mutu murus shekara goma sha biyar ke nan. Na dama kuma saura ƙiris, kuma a cikinsa akwai wata ƙara kamar kukan gyare, ba ta hutawa ko ranar Lahadi. Ba ciwo ne ya faɗo mini daga sama ba, ni na yi wa kaina. Hanyar da na bi na kai nan kuwa, na ga sawunki a kanta. Don haka ki yi haƙuri ki karanta har ƙarshe, ko da rubutun ya karkace.

Tun ina masaƙa abin ya faro, kafin a haife ki. A ɗakin injinan saƙa, in kana son magana da na kusa da kai, sai ka sa baki a kunnensa ka yi ihu. Ana ba mu abin toshe kunne, amma mu samari muka mayar da shi abin dariya, wai na ragwaye ne. Nawa a aljihu yake kwana. In an tashi aiki, ina tafe gida kunnena na ta shuuu har in gama cin tuwo. Da safe sai in ji ya washe, in ce ai shi ke nan. Ashe kowace rana yana tafiya da ɗan abin da ba ya dawowa. To ki ji: duk ranar da ƙara ta biyo ki gida bayan an kashe kaya, kin yi wa kunnenki ɓarna a ranar. Na ɗaure miki abin toshe kunne a leda, yana manne a murfin akwati na farko. Ki sa shi a kowane taro. Wanda ya yi miki dariya, ki ba shi adireshina ya zo ya gwada hira da ni.

Da masaƙa ta rufe, abin da ya rage mini hannun kafinta ne da son kiɗa. A nan na faɗa ƙera akwatin sifika. Kin san yadda namu yake, amma ki bar ni in faɗa, domin hannuna kawai kika gani yana aiki, ban taɓa zaunar da ke na gaya miki dalili ba. Ƙaho hanya ce naɗaɗɗiya a cikin akwati. Tana farawa da ɗan maƙogwaro a gaban sifika, tana faɗaɗa har ta fito a wannan babban baki. A bayan sifikar kuma akwai rufaffen wuri, wanda muke kira ɗakin baya. Kowa yana kallon bakin ƙaho yana yabo, alhali rabon akwati a ɗakin nan yake.

Ƙahona na farko na yi wa wata majami'a ce a Kamazou. A hankalina na lokacin, in ɗakin baya ya yi girma, bes zai yi zurfi. Sai na yi shi ƙato, har ina cewa akuya za ta iya kwana a ciki. Ranar bikin godiyar kaka aka fara amfani da shi. Matan zumunta sun shigo a jere da doya da masara a ka, suna rawa, mai jita ya sauka can ƙasa ya danna. Sai na ji faf, faf, faf, kamar ana kakkaɓe tabarma. Kafin in kai hannu ga amfilifaya, takardar sifikar ta yage. Mata suka tsaya cak da doya a ka. Fasto kallona kawai ya yi ta saman tabarau, na ji da ma ƙasa ta tsage in shige.

Washegari na ɗauki gawar sifikar na nufi Tudun Wada wurin Malam Sabitu mai gyaran rediyo. Kin tuna shi, dattijon da ke ba ki alewa in mun je. Tun daga bakin ƙofa nake zagin wanda ya sayar mini, wai jabu ya ba ni. Malam ya juya ta, ya danna takardar da yatsa, ya tambaye ni girman ɗakin baya. Na buɗe hannuwa na nuna masa.

Ya ce, "Ayuba, ka bar zagin bawan Allah. Kai ka kashe ta."

Na ce, "Haba Malam, ni da na ba ta wuri ta sake?"

Ya ce, "Ai sakewar ce ta kashe ta. Iskar da ke ɗakin baya ita ke riƙe takardar nan. Ka yi ɗaki babba, babu mai riƙe ta ta baya. Ƙahon naka kuma yana da iyakar zurfin da zai iya ɗauka. Da kiɗa ya sauka ƙasa da nan, shi ma ya sake ta ta gaba. To wa ka bar mata?"

A ranar ya koya mini cewa kowace sifika tana da amo guda da ta fi son girgiza a kansa. Ni na sa masa suna rawarta. In ɗakin baya ya matse, rawar ta hau sama. Iskar da ke kwance cikin ƙaho kuma nauyi ce, tana jawo ta ƙasa. Aikinmu duka shi ne mu daidaita biyun, har rawar sifika ta zauna daidai inda zurfin ƙaho ya ƙare. A nan ne za ki sami bes mai taɓa ƙirji ba tare da kin murɗa komai da ƙarfi ba.

Ni kuwa da yake ba na yin abu rabi, sai na koma na matse ɗakin ƙwarai. Bes ya fito kwas-kwas kamar ana buga kwali. Sai da na ɓarnatar da katako mai yawa kafin na gane abu mai sauƙi: ki yi ɗakin ya ɗan fi abin da kike zato, sannan ki rage shi da guntayen katako, ɗaya bayan ɗaya. Ƙarawa da cirewa ba wuya, amma ɗakin da ya yi kaɗan sai an farke akwati. Kowane guntu ki ɗaure shi da sukuru, kada ki bar shi sake yana yawo. Ki liƙe kowace kafa da gam, domin ɗakin da ke yoyon iska daidai yake da babu. Kuma kada ki yarda da gyaran da na yi wa akwatunan nan a zafin Kaduna. Sifikun sababbi ne, gefensu bai yi laushi ba tukuna, ga sanyin Jos zai ƙara sandarar da shi. Ki bar su su yi kwanaki suna kiɗa a hankali, sannan ki buɗe murfin ki sake dubawa.

Na tashi na je na ƙara matse sukurorin akwati na biyu, alhali jiya ma na matse su. Bari in koma kan magana, domin abin da nake ta kewayewa ke nan.

A wannan zuwan nawa, Malam Sabitu ya so ya nuna mini yadda ake gano rawar sifika da ƙwan fitilar mota. Har ya ciro shi daga gwangwani. Na yi dariya na ce, "Malam, wannan ai na masu rediyo ne. Mu da kunne muke aiki." Ya mayar da ƙwansa gwangwani, ya ce Allah ya bar maka kunnen.

Kin san al'adarmu ta masu haɗa akwati. In ana gwaji, maigida yakan durƙusa ya cusa kansa cikin bakin ƙaho ana kiɗa, ya rufe ido, ya fito ya ce a cire katako ɗaya. Rabi aiki ne, rabi burga. Mai saye yana tsaye yana gyaɗa kai, yana cewa lallai wannan ya san abin da yake yi. Ni na fi kowa. Har Makera ana cewa Oga Ayuba kunnensa mita ne, ni kuma kaina yana ƙara girma. An ce girman kai rawanin tsiya, to ni na naɗa nawa har da tuƙa.

Wata Asabar da hantsi ina gwada akwatin da zan kai biki Unguwar Mu'azu. Akwai wani ɗan amon ziza da ke fitowa daga ciki, ya ƙi in gane inda yake. Na ƙure amfilifaya don ya fito fili, sai aka ɗauke wuta. Maimakon in kashe komai, sai na ce bari in yi amfani da shirun in laluba ciki. Na shiga har kafaɗa. Kaset yana danne, amfilifaya a ƙure, sai aka kawo wuta.

Ba ƙara na ji ba, Rifkatu. Ji na yi kamar an maka mini taɓarya a gefen kai. Na fito da baya na zauna a ƙasa, shago yana juyawa. Na taɓa kunnen hagu na ga ɗan jini a yatsa. Kina firamare lokacin. Kin san abin da babanki mai wayo ya yi? Na goge jinin da gefen riga, na ɗora kaya a mota, na je na yi bikin nan, na wuni tsaye kusa da akwatunan, don kada a ce Oga Ayuba ya kasa. Mamanki na ce mata mura ce ta toshe mini kunne. Sai bayan wata biyu na je asibiti a ɓoye. Likita ya duba ya ce me na zauna yi tun tuni. Ihu bayan hari ke nan.

Ga abin da nake roƙonki, ba shawara ba ce, roƙo ne. Kada ki sa kanki a bakin ƙaho, ko ana kiɗa ko ba a yi. In dole sai hannu ya shiga, ki zare wayar sifika da hannunki, ki riƙe bakin wayar kina kallonsa. Kada ki amince da an kashe, kada ki amince da babu wuta.

Da kunya da komai na koma wurin Malam Sabitu. Bai ce ai na gaya maka ba, Allah ya saka masa. Ya sake ciro ƙwan nan ya nuna mini, kuma shi ne abin da kika taso kina gani ina yi. Ki jona ƙaramin ƙwan mota a kan waya ɗaya tsakanin amfilifaya da sifika. Ki rage sauti ƙasa sosai, yadda za ki iya hira a gefensa. Ki saki amo guda daga wayarki ta hannu, irin wanda kika saba, ki faro daga can ƙasa kina hawa a hankali, idonki a kan ƙwan. Inda sifika ta kai rawarta ba ta jan wuta sosai, sai ki ga ƙwan ya dusashe. A ƙaho za ki ga ya dusashe a wuri fiye da ɗaya, na ƙasan shi ne naki. Ki ƙara katako, wurin ya hau. Ki cire, ya sauka. Zizar jikin akwati kuma tafin hannu yana gano ta, ko ki barbaɗa gero a saman katakon ki ga inda ya fi tsalle. Kina ƙarama kikan kira ƙawayenki su zo su ga babanki yana magana da fitila. Mutane suka ce hikima ce. Kurumta ce kawai ta koya mini abin da na ƙi koya ina da kunne.

Yanzu ga wanda ya fi mini nauyi, kuma saboda shi nake ta tashi ina zama.

Da kika gama makaranta kika shigo shago, na yi murna, amma ba duka murnar ce mai tsabta ba. Masu saye ba ƙwan fitila suke so su gani ba, kai suke so su ga ya shiga ƙaho. Ni kuma na san in na shiga ba abin da zan ji, asirina zai tonu. Sai na riƙa cewa, "Rifkatu, zo ki saurara mana." Ranar farko da na ga kin durƙusa kin cusa kanki ciki, kin rufe ido yadda nake yi, gabana ya faɗi. Mai sayen ya tafa ya ce, "Kai, Baba, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe!" Na washe baki na ce haka ne. Shekara uku ina aron kunnenki ina rufe nawa asirin da shi. Na san abin da ke cikin ramin nan fiye da kowa a Kakuri, kuma ban ce ki fito ba ko sau ɗaya.

Watan jiya, bayan babban taron nan na kwana uku da muka yi wa sauti, na gan ki a tsakar gida kina sa yatsa a kunne kina girgiza kai. Mamanki ta same ni a shago ta ce, "Baban Rifkatu, yarinyar nan ta ce kunnenta yana ta waƙa tun jiya." Na ce mata zai wuce. Kalmar da na yi ta gaya wa kaina ke nan a hanyar masaƙa, ita na ɗauko na ba 'yata. Ki gafarta mini. Na yi miki laifi, ina sane na yi, kuma tsoron bakin mutane ne ya sa ni.

Saboda haka makon nan, tun kafin ki saba da gari, ki sa gwaggonki ta raka ki asibiti a auna kunnen. Kada ki jira ya yi ciwo, wannan abin ba ya ciwo. Abin da likita ya ce, ki gaya mini shi yadda yake, ko ba daɗi.

Sabon ogan naki mai ba da hayar kayan sauti ban san shi ba, sau ɗaya muka gaisa. Amma na san masu biki, duk ƙasar nan uwarsu ɗaya. Za su taso miki, "Madam, abeg ƙara bes, ba ma jin shi a jiki!" Kafin ki kai hannu ga maɓalli, ki dubi inda akwatunan suke. Na taɓa raba su, ɗaya dama ɗaya hagu, don wani mai biki ya ce sun fi kyau a hoto. Bes ya watse, na yi ta murɗawa har amfilifaya ta yi zafin toya ƙwai. Ki haɗa su gefe da gefe, baki biyu ya zama ɗaya, ki jingina su da bango ko lungu in akwai. Za ki sami abin da suke nema ba ki ƙara komai ba. Ke kuma ki kafa teburinki nesa, kada ki tsaya a gabansu.

Kuma za a gwada ki, don ke mace ce a aikin da maza suka ɗauka nasu ne. Wani zai ce, in ta iya ta shiga ta saurara mana. In kin ƙi, za su ce tsoro take ji. Ki bar su su ce. Ki ciro ƙwanki ki jona, aikin ya yi magana. In kuwa ogan ya ce dole sai kin yi yadda ake yi, ki ɗaura jakarki ki dawo gida. Ba za a rasa tuwo a gidan nan ba, kuma ba wanda zai tambaye ki dalili.

Saura abu ɗaya, sannan in bar ki ki huta.

Ranar Litinin a tasha, da kika zauna gefen taga, direba ya tayar da mota, Mamanki ta ruga sayo miki burodi. Kin leƙo kin kama hannuna, kin yi mini magana mai ɗan tsawo, idonki ya cika da hawaye. Na yi murmushi, na gyaɗa kai, na ce, "To, to, Allah ya kiyaye hanya." Sai na ga fuskarki ta canza. Kin saki hannuna a hankali kin gyara zama, mota ta ja.

Rifkatu, ban ji ko kalma ɗaya ba.

Kwana uku ke nan ina juya motsin bakinki a raina, ina gwada masa kalmomi, ba wadda ta zauna. Na tambayi Mamanki, ta ce ba ta wurin. Ban san ko tambaya kika yi ba, ko roƙo, ko wani abu kika daɗe kina son gaya mini sai ranar kika sami ƙarfin hali. Abin da na sani kawai, ko me kika ce, ba "to" ce amsarsa ba. Na gani a idonki.

Kada ki kira ni a waya, zan sake ce miki "to". Ki samu takarda ki rubuta mini shi yadda kika faɗe shi, kada ki rage, kada ki gyara don ki tausaya mini. Ki ba direban akwatunan, ranar Asabar zai juyo. Zan je tasha in jira shi.

Ubangiji ya yi miki albarka, ya kiyaye ki. Ya tsare ki a hanya da wurin aiki da wurin kwana, ya haɗa ki da mutanen kirki, ya sa albarka a hannunki. Ya bar miki kunnenki har ki ji muryar jikokinki. Amin.

Ni ne babanki,
Ayuba